Lada 1200 ta kusa shekara 20 a ajiye a Bauchi: a saya? Kuma ta ina ake fara tashinta?

Ɗan Fadaman Mada

Assalamu alaikum. Masana tsofaffin motoci, shawara nake nema. Akwai wata Lada 1200, ƙirar Tarayyar Sobiyet, a wani gida nan cikin Bauchi. Takardunta sun nuna 1978. Mai ita ya rasu, magada suna son rabuwa da ita, kuma kuɗin da suka yanka bai kai na tsohuwar Golf mai tafiya ba. Sun ce ta kusa shekara 20 ba a tashe ta ba, tana cikin gareji mai rufin kwano da daɓen siminti.

Ga abin da ido ya gani. Fenti na asali ne, ya dusashe amma bai ɓare ba. Kujeru lafiya, sai ta direba da ta ɗan yage. Gilasai, fitilu, bamba da tambarin gaba duk suna nan. Mita tana nuna kilomita 61,000 da 'yan kai. Tayoyi huɗu sun zauna. Babu batir. Akwai baƙin mai a geji, amma lagireto a bushe yake. Hannun da ake zurawa ta gaba a murza inji yana cikin but tare da jak.

Wani bakanike ya ce in kawo batir da galan ɗin fetur, yanzu-yanzu zai tashe ta in ji muryarta kafin in biya. Wannan daidai ne? Me ya kamata in duba kafin kuɗi su fita? Kuma in na saya, ina za a samu kayanta? Ba kabu-kabu zan yi da ita ba, ɗan zagayen gari ne ranar Juma'a, wani lokaci a leƙa Dass ko Jos.

Tsohon Bakanike

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka bari a sa mata batir tukuna. Injin da ya daɗe a tsaye, man da ke jikin kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) da metal duk ya tsiyaye ya koma ƙasa, ringi kuma sun kama jikin silinda. In aka buga kik haka, ko ta tashi, minti na farko ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. A nan ake karya ringi, a kuma cinye kamshaf, wanda dama shi ne wurin raunin wannan injin. Za ka ji muryarta kam, amma da kuɗinka za ka biya jin.

Abin da ake yi shi ne wannan. A cire fulogi huɗu, a zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, a bar shi kwana biyu. A buɗe murfin saman inji, a kwarara mai a kan kamshaf da rokokinsa guda takwas da sarƙar taimin. Sannan a sa giya a firi, a zura hannun nan da ka gani a but a murza a hankali. In ya zagaya sau biyu ba cijewa, injin yana da rai, kuma wannan ya ishe ka hujja kafin biya. In ya cije, kada a danne shi da ƙarfi, kada kuma a ja motar da wata a saki kuloci. A ƙara mai da ɗan kananzir a jira. In ya ƙi, sai an sauke kan silinda, kai kuma ka rage kuɗin wannan aikin daga farashi.

Bayan ta zama taka, a zubar da tsohon mai, a canza filta. Injin yana cin lita 3.75 har da filta, kuma 20W-50 shi ne ya dace da zafinmu. A nemi filta mai bawul ɗin da ke hana mai komawa ƙasa, domin a kwance take a jikin inji. Fulogi na waje, a cire wayar kwayil, a yi ta buga kik na daƙiƙa 10 ana hutawa har fitilar mai ta mutu. Sai ta mutu ake maganar tayarwa.

Fetur kuma, kada a ja daga tankinta. Wanda ya kwana shekaru ya zama danƙo, zai toshe kafireto nan take. Tankin lita 39 ne, yana cikin but ta hannun dama a tsaye, cire shi ba wuya. A wanke, a haska ciki a ga ko akwai tsatsa, a hura bututun da iska daga gaba zuwa baya, a canza duk tiyon roba, a sa ƙaramar filta kafin famfon mai. Kafireton a warware shi gaba ɗaya a wanke. Kada a sosa jet da waya, iska kawai. Tsayin fulot, wato abin da ke yawo a kan fetur a cikin kafireto, milimita 6.5 ne tsakaninsa da gasket ɗin murfi, ana riƙe da murfin a tsaye. In tazarar ta gaza haka za ta riƙa shaƙewa tana baƙin hayaƙi, in ta wuce ta riƙa yankewa a hawa.

Sarƙar taimin ba ta ɗaure kanta. Akwai noti mai hula na sifana 13 a gefen dama na kan silinda. A sassauta shi, a murza inji zagaye ɗaya da rabi ta inda yake juyawa, a ɗaure. Shi ke nan, kuma ana maimaitawa duk kilomita 10,000. Wanda bai san haka ba sai sarƙa ta yi ta kaɗawa har ta fasa takalmin da take bi, wata rana ta tsallake haƙori fistin ya gamu da bawul. Sai an ɗaure sarƙa ake saita bawul, ba kafin ba. Tazarar milimita 0.15 ce, na shiga da na fita duka, inji a sanyaye, ana aunawa tsakanin kamshaf da roka da faffaɗan filagej. A daidaita alamar kamshaf a saita bawul na 8 da na 6, a juya karanshaf rabin zagaye a yi 4 da 7, wani rabin 1 da 3, na ƙarshe 5 da 2. Ana ƙirgawa daga gaba. Sifana 13 na riƙewa, 17 na kullewa, kuma a sake aunawa bayan an kulle domin yakan motsa.

In ta tashi ta yi ɗumi, a auna kwamfireshan. Kowane silinda kada ya gaza 10 a ma'aunin bar, bambanci tsakaninsu kada ya wuce 1. In ɗaya ya yi ƙasa, kada a yi gaggawar buɗe inji, a yi tafiya kaɗan a sake aunawa, sau da yawa ringin da ya maƙale yakan saki. Shuɗin hayaƙi da safe wanda ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci, robobin bawul ne suka bushe, ana canza su ba tare da an sauke kan silinda ba.

Lagireton da ka ce a bushe yake shi ya fi damuna. Ruwa ba ya tafiya haka kawai. Ka cika shi da ruwa ka bar shi kwana, ka duba ƙasa, ka duba geji ko mai ya ƙaru ko ya koma fari. In ruwa ya bi cikin mai, gasket ne ko kan silindar ya ci, domin na alminiyam ne.

Mai Walda na Wunti

Duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, sai dai ni a ganina ba inji ake saye a irin wannan motar ba, jiki ake saye. Inji ana gyarawa, ana ma kawo wani. Jikin da ya ruɓe kuwa ba shi da shasi daban da za a ɗora shi a kai, shi ne ke ɗauke da komai. Rashawa sun ɗauki ƙirar Fiat 124 ne suka ƙara kaurin ƙarfe, suka ɗaga ta daga ƙasa, suka fara fitar da ita a Tolyatti a 1970, amma maganin tsatsa bai dame su ba. Sa'ar da aka yi, Bauchi ba garin gishiri da laima ba ce, kuma a kan siminti take. Da a ƙarƙashin mangwaro aka ajiye ta, da ban ɓata bakina ba.

Ka je da tocila da sukundireba da ɗan maganaɗisu. Ka ɗaga kafet na gaba duka biyu har ka ga ƙarfe, musamman gefen fasinja. Akwai famfon hita a ƙarƙashin dashbod ta wannan gefen wanda ya shahara da yoyo, kuma mai yiwuwa nan ne ruwan lagiretonka ya bi. Ka soki dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, da wurare huɗu da ake sa jak. Ka duba ƙarƙashin mazaunin batir, ramin safaya taya a but ta hagu, da ƙasan tanki ta dama. Maganaɗisu kuma ka bi da shi saman mudgad na gaba da bakin tayoyin baya. Inda ya ƙi kamawa, an cika da fila.

Wuri mafi muhimmanci shi ne ƙarfunan gaba guda biyu da suka taso daga ƙarƙashin inji. A na hagu aka ɗaure akwatin sitiyari da ƙusa uku, a na dama kuma hannun da ke taya shi. Ka sa wani ya riƙa kaɗa sitiyari kai kana kallo. In ka ga akwatin yana motsi tare da ƙarfen, ko tsaga ta fito kusa da ƙusoshin, ana iya waldawa da faci mai kauri, amma aiki ne na gaske, a rage kuɗi. In wurin ya ruɓe har sukundireba na shiga, ka yi musu godiya ka tafi.

Mitar nan lamba biyar ce, tana komawa sifiri bayan 99,999, don haka 61,000 na iya zama 161,000. Robar fedar kuloci da ta birki, da santsin sitiyari, da faɗuwar ƙofar direba in an buɗe, su za su faɗa maka gaskiya.

Sai ƙafafu. Boljoyin na ƙasa guda biyu, canza su kawai, kada ka tsaya dubawa. Nauyin gaban motar yana jan su ne kamar zai zare su, kuma ranar da ɗaya ya fita taya za ta kwanta a cikin mudgad. Yawanci a tafiyar sannu yake faruwa, wajen kwana ko rami, amma ba wanda ya yi maka alkawari. Ga mai son aunawa, akwai 'yar ƙusa a gindinsa, a cire a zura ma'auni. In zurfin ya wuce milimita 11.8 ya gama. Boris na gaba ana wanke su a sa giris a ɗaure daidai, ba a matse su ba. A kula, notin boris na tayar dama zarensa na hagu ne. Yara da yawa sun lalata shi suna ƙoƙarin kwancewa alhali ɗaurewa suke. Wasan sitiyari kada ya wuce milimita 20 a bakin da'irarsa.

Birki: faifai a gaba, ganga a baya. Wannan samfurin ba shi da tukunyar iska mai taimaka wa ƙafa, don haka taurin feda ba lalacewa ba ne, haka take. Bayan shekara 20, tiyon birki uku, robobin masta, silindar baya biyu da na kuloci duk a canza, a zuba DOT 4. Gangar baya ta alminiyam ce, tana manne wa aksul. Kada a buge ta da guduma a baki, za ta ɓalle. Akwai ramuka biyu masu zare a fuskarta, a sa ƙusa mai kaurin milimita 8 a riƙa ɗaurawa bi da bi, ana fesa mai a tsakiya, za ta fito. Wajen cire iska a fara da baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu, kuma tayoyin baya su kasance a ƙasa ɗauke da nauyi. Akwai bawul a ƙarƙashin baya da ke rage ƙarfin birki in motar ta ɗaga, in an rataye aksul sai ya rufe, a wuni ana famfo mai bai fito ba.

Man giyabos lita 1.35, na aksul ɗin baya lita 1.3, 80W-90 mai alamar GL-5. Robar farfela mai kusurwa shida da ke bayan giyabos, in ta tsattsage a canza. Fenti kuwa, don Allah kada ka sake shi. A wanke a goge da folish. Sabon fenti kowa na iya yi, na masana'anta sau ɗaya ake yinsa.

Ɗan Fadaman Mada

Allah ya saka da alheri, Baba da Oga. An zuba mai an jira, inji ya juya da hannu sumul. Ƙasa lafiya, sai gefen fasinja da ke da tsatsar sama, bai huje ba. Amma ga wani abu: a jikin injin an rubuta 21011, alhali takarda ta ce 1200. Matsala ce? Sannan bakaniken yana cewa in cire tamostat, in kuma ina son kwanciyar hankali in sa mata injin Toyota ko Nissan gaba ɗaya. Me kuka gani?

Rewaya

Malam, 21011 injin 1300 ne, wato 1294 cc. Na 1200 lambarsa 2101, 1198 cc. Bambancinsu faɗin silinda ne, milimita 79 da 76, don haka fistin, ringi da gasket ɗin kai ba ɗaya ba ne. Ka duba ginshiƙin baya, tsakanin ƙofar baya da gilashin baya. In akwai 'yar tagar iska a wurin, kuma bamba ba ta da haƙoran nan biyu masu tsayi, jikin ma na 21011 ne, wanda aka fara a 1974, mai yiwuwa kuskuren mai rubuta takarda ne. In babu tagar kuma haƙoran suna nan, an taɓa canza inji. Ko wanne ne ba laifi, amma ka gwada lambar da aka buga a jikin inji saman filtar mai da wadda ke takarda, kuma duk abin da za ka saya na cikin inji ka saya da sunan 21011.

Ɓangaren wuta mai sauƙi ne, sai dai tsufa. Batir mai 55 ya isa. Kafin ka haɗa shi, ka bi wayoyi da ido saboda ɓeraye, musamman bayan dashbod. Akwatin fis yana ƙarƙashin dashbod ta hagu, guda 10, ɗaya mai amfiya 16 sauran masu 8. Irin dogayen nan ne da ƙarfe biyu ke matsewa, ƙarfen yakan saki ya yi zafi har ya narka akwatin. A goge da samfefa a lanƙwasa su matse. Ban yarda da naɗa waya a madadin fis ba a kowace mota, balle wadda wayoyinta suka haura shekara 40. Wayar at (earth) da ke tsakanin inji da jiki a kwance ta a goge. In ta yi datti kik zai yi nauyi, wuta ta nemi hanya ta wayar cok har ta yi zafi a hannu. Makulli yana hagun sitiyari, kuma in kik yana ɗauka yau gobe ya ƙi, a fara zargin farantin bayan makullin kafin a sauke kik.

Kwantak tazararsa milimita 0.4, fulogi 0.5 zuwa 0.6. NGK BP6ES yana shiga daidai. Jerin wuta 1, 3, 4, 2. Taimin digiri 5 zuwa 7 kafin fistin ya kai sama. A murfin gaban inji akwai alamu uku, 10 da 5 da 0, ta tsakiya ake nema. Gwajin hanya ya fi: a giya ta huɗu, gudun 45 ko 50, a take totur har ƙasa. In ta yi ƙyal-ƙyal na daƙiƙa ɗaya ko biyu ta daina, daidai ne. In ta ci gaba, a ja taimin baya kaɗan, domin an ƙera injin ne don fetur mai lamba 93, ba kullum namu ke kaiwa nan ba. Kondensa ita ce ke yawan yaudarar mutane: mota ta tashi lafiya, ta yi zafi ta fara tari, a yi ta wahala da kafireto alhali ba shi ba ne.

Altaneta mai amfiya 42 ce, na'urar daidaita cajinta kuma a waje take, a jikin mudgad na hagu. A auna a kan batir inji na gudu, a samu volt 13.9 zuwa 14.5. In ya haura 15 za ta dafa batir, a sa ta zamani mai lantarki, waya biyu ce kawai. Kuma al'adar nan ta cire kan batir inji na aiki don a ga ko tana caji, ita ke ƙona dayod.

Canji ɗaya da nake goyon baya shi ne cire kwantak a sa distiributa mai lantarki. Saiti ne: distiributa, kwayil, ɗan akwati da wayoyi. Ba a fasa komai, kuma ana iya mayar da na asali. Amma a kula, na injin 1200 da 1300 gajeriyar ƙafa gare shi, na 1500 da 1600 doguwa. In an yi wannan, fulogi ya koma 0.7 zuwa 0.8.

Tsohon Bakanike

Maganar tamostat, bakanikenka da Peugeot ya saba. Na Lada ba a cikin inji yake ba, wata 'yar tukunya ce mai baki uku a tsakanin tiyoyi ta gefen dama. Aikinsa biyu ne: yana buɗe hanyar lagireto in zafi ya kai wajen digiri 80, a lokaci guda yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke komawa inji kai tsaye. In aka fasa shi aka cire cikinsa, hanyoyin biyu suna buɗe, ruwa kuma gajeriya zai bi. Sai mota ta fi yin zafi, a rasa dalili. Gwajinsa: in allura ta kai 80 zuwa 85, ƙasan lagireto ya ɗauki zafi. In ya zauna da sanyi allura na hawa, ya mutu, a sa sabo. In babu sabo a hannu aka cire dole, to a toshe gajeriyar hanyar.

Lagireton tagulla ne, mai gyaran lagireto zai buɗe shi ya tsefe bututun ɗaya bayan ɗaya ya liƙe da dalma. Ya fi sabon na alminiyam. Duka tsarin yana cin ruwa kusan lita 10, a sa kulant, ba ruwan rijiya mai barin farin gishiri ba. Fambel tsawonsa milimita 944, in an danna da yatsa ya shiga 10 zuwa 15. Hita ba ka buƙatarta, a haɗe tiyonta biyu a cikin bonet a huta da yoyo. Fankar wannan samfurin inji ne ke juya ta, a gosulon Wunti ko bakin kasuwar Muda Lawal cikin Afrilu ba ta wadatarwa, don haka ƙarin fanka mai lantarki a gaban lagireto dabara ce mai kyau.

Abu biyu kuma da zafi ke jawowa. Murfin filtar iska yana da alamar shuɗi da ja. Ja na lokacin sanyin Rasha ne, yana jawo iska mai zafi daga kan salansa. A juya shi kan shuɗi a bar shi nan har abada, filtar kuma a riƙa duba ta sosai lokacin hunturu. Na biyu famfon mai: in ya yi zafi fetur na tafasa a ciki, mota ta mutu, bayan minti 15 ta tashi kamar ba ita ba. Jiƙaƙƙen tsumma a kansa zai kai ka gida, amma gyaran shi ne sabon dayafaram da auna sandar da ke tura shi. Ta leƙo milimita 0.8 zuwa 1.3, ana daidaitawa da kaurin gasket. Kafin ka hau hanyar Jos ka tabbatar da waɗannan, domin daga Toro zuwa sama hawa ne, kuma giya huɗu gare ta, 80 zuwa 90 ya ishe ta.

Mai Kayan Gyara

Alhaji, kan injin Toyota ni ra'ayina a'a. Sai an yanka mazaunin inji, an canza giyabos, an yanke farfela, sannan a ɗora ƙarfi a kan birkin da ba shi da mataimaki. Ƙarshenta ba Lada ba ce, ba Toyota ba ce, kuma abin da ya sa ta yi daraja ya tafi. Injin da ya juya da hannu ba shi da laifin da za a kore shi.

Kaya ba su ƙare a duniya ba. Wannan zuriyar, daga 2101 har 2107, an yi ta ƙera ta a Rasha har 2012, an kuma haɗa 2107 a Masar, kuma har yanzu ana buga kayanta sababbi. Boljoyin, tayarod, bushin, boris, birkin gaba da na baya, kuloci, wotafom, famfon mai, tamostat, galibi ɗaya ne a zuriyar. Abin da ya bambanta shi ne na cikin inji. Sarƙar taimin taka mai haɗi 114 ce, ta 1500 da 1600 mai 116, ba sa musanya. Injin 2105 kuma bel gare shi, kayan taimin ɗinsa ba su shafe ka ba. Kada a sayar maka da kayan injin Fiat 124 a ce ɗaya ne. Jiki ne suka yi kama, injin Lada kamshaf ɗinsa a sama yake, na Fiat ɗin a ƙasa.

Ka sa a tambaya maka a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ko za a dace da tsohon ajiya, amma kayan roba da suka kwana shekaru a shago ba su fi naka ba. Hanya mafi tabbas ita ce ka rubuta duk abin da kake so da lambar samfuri, ka yi oda sau ɗaya ta intanet ko ta hannun mai zuwa Alƙahira, domin kuɗin jigila ne ke da ciwo, ba kuɗin kayan ba. Ka haɗa da na ajiya: kwantak da kondensa biyu, fambel, dayafaram, cikakken saitin gasket, da ɗan giyan nan da ke juya famfon baƙin mai da distiributa. In haƙoransa na ciki suka cinye, mota mutuwa take a tsaye, ga shi ƙarami amma ba mai maye gurbinsa. Abin da ke da wuyar samu shi ne gilashi, fitilu, bamba da kwalliyar jiki, kuma ka ce duk suna nan.

Taya 13 ce, 165/80 ko 175/70 suna shiga, iska kamar 1.7 a gaba, 2.0 a baya a ma'aunin bar. Wilinta rami huɗu ne a kan da'irar milimita 98, ba 100 ba irin na Golf da Toyota. Na 100 zai yi kamar ya shiga, amma ƙusoshin a karkace za su zauna, su riƙa kwancewa ko su karye. Ka riƙe wilinta na asali, a kankare a fesa.

Tun da motar gado ce, kafin ka biya ka tabbatar an raba ko dukkan magada sun amince, a rubuta yarjejeniya da sa hannun wakilinsu da shaidu, ka karɓi takardun asali, ka gwada lambar jiki da ke kan farantin cikin bonet da ta takarda, sannan a je canjin mallaka. Ranar ɗauka kuma a kawo motar da za ta ɗora ta a baya. Kada a ja ta da igiya, ba ta da birki, kuma gangunan baya mai yiwuwa a kame suke.